Yadda ake duba birkin babur mai ƙafa huɗu da kula da shi

Babur mai ƙafa huɗu, wanda kamfanoni ke kira ATV, an ƙera shi ne domin ya bi inda mota ba ta iya bi, wato cikin taɓo da rairayi da rafi da gangaren dutse, kuma wannan aikin nasa shi ne ke cin birkinsa. A motar da ke bin kwalta, nisan tafiya ne ke nuna lokacin da fad, wato ɓangaren birki da ke goga ƙarfe ya tsayar da taya, zai ƙare. A wannan babur kuwa lissafin ba haka yake ba, domin yini guda a cikin laka mai yashi yana iya cinye fad fiye da yadda watanni na tafiya a busasshiyar ƙasa za su cinye shi, kuma babur ɗin da aka ajiye tsawon watanni bai motsa ba yana iya tashi da birki a maƙale ko da fad ɗinsa sabo ne. Don haka wanda ya dogara ga agogon kilomita kaɗai zai makara. Abin da ya kamata ya sa a duba birki shi ne irin wurin da babur ya shiga da kuma tsawon lokacin da ya yi a ajiye.

Kafin a ɗauki sufana, sai an san irin birkin da ke jikin babur ɗin, domin ba duka suke ɗaya ba. Yawancin na zamani birkin diski ne mai aiki da mai: idan an matsa hannun birki, fistin da ke cikin masta, wato ƙaramin famfon da ke jikin hannun, yana tura man birki ta cikin tiyo zuwa kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da diski a wajen taya, ita kuma kalifa ta matse fad biyu a jikin diski. Wasu kuma, musamman ƙanana da tsofaffi, birkin durom suke da shi, inda shu biyu, wato lanƙwasassun fad, ke buɗewa su goga cikin durom, kuma galibi waya ce ke jan na baya. Honda ta daɗe tana haɗa diski a gaba da rufaffen durom a baya a samfurin Rancher. Polaris Sportsman yana da hannu ɗaya da ke kama ƙafafu huɗu gaba ɗaya, tare da birkin ƙafa na taimako. Kawasaki Brute Force 750 da Yamaha Kodiak 700 kuma birkinsu na baya a rufe yake, faifai ne da yawa da ke iyo a cikin mai. Littafin da kamfani ya bayar tare da babur shi ne mai yanke hukunci kan kowane awo, kuma duk adadin da aka ambata a nan, idan ya saɓa da na littafin, na littafin za a bi.

Dubawa kafin a hau

Wannan dubawar ba ta cin minti biyu, kuma ita ce ta fi kowace amfani. A matsa hannun birki da ƙarfi a riƙe shi na ɗan lokaci. Birki mai lafiya yana tsayawa cak tun hannun bai kusanci mariƙin kan babur ba, kuma ba ya ci gaba da shigewa. Idan hannun ya yi laushi yana lotsawa, akwai iska a cikin layin ko kuma man ya tsufa. Idan ya yi tauri da farko sannan ya riƙa shigewa a hankali yayin da ake riƙe da shi, to mai yana zurarewa, ko dai a waje inda za a ga danshi, ko kuma a cikin masta inda robar fistin ta cinye. Idan kuwa sai an matsa sau biyu ko uku kafin ya kama, ana zargin iska, amma a tuna da boris ɗin taya ma, domin boris da ya saki yana sa diski ya riƙa rawa yana mayar da fistin baya. Haka za a taka birkin ƙafa, a saka birkin ajiya a tura babur a ga ko zai motsa, sannan a leƙa baya a tabbatar fitilar birki tana kamawa da hannu da kuma ƙafa.

Akwai wani abu da ke ruɗin masu wannan babur. Idan yana cikin giyar ƙafa huɗu, tayoyin gaba da na baya a haɗe suke ta hanyar shaft, saboda haka birkin gaba kaɗai yana iya tsayar da dukkan tayoyin, har mutum ya ɗauka komai lafiya alhali na baya ya daɗe da mutuwa. Idan babur ɗin yana da maɓallin komawa ƙafa biyu, a koma can a gwada kowane birki shi kaɗai. Idan ba shi da shi, sai a ɗaga shi a gwada taya ɗaya-ɗaya da hannu.

Fad da diski da kalifa

A ajiye babur a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a kashe inji, a cire makulli, a sa wa tayoyin da za su zauna a ƙasa waigi. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak a ɗora firam a kan tsayayyen abin tallafi, domin jak na ɗagawa ne kawai, ba a aiki a ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Kafin a cire tayar, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi motsi, boris ko mahaɗin ƙafa ya saki, kuma duk gyaran birkin da za a yi ba zai zauna ba sai an gyara wannan. A juya ta kuma a saurara. Ƙaramin sautin gogar fad a jikin diski ba laifi ba ne, amma tayar da ta tsaya nan take bayan an sake ta tana nuna birki yana ja.

Bayan an cire taya, a wanke wurin da ruwa da buroshi ko da feshin wanke birki. Kada a hure ƙurar da iskar kwamfuresa, domin ƙurar birki ba ta da kyau ga huhu, kuma tsofaffin shu na iya ɗauke da asbestos. Abin da ake aunawa a jikin fad shi ne kaurin ɓangaren da ke goga diski, ban da ƙarfen da ke bayansa. Kamfanoni da yawa sun sa iyaka a wajen milimita 1, kuma wasu fad ɗin suna da tsagi a tsakiya wanda ɓacewarsa ke nuna an kai iyakar. A ganina, wanda ke shiga laka bai kamata ya jira milimita 1 ba, domin abin da ya rage daga milimita 2 zuwa ƙarfe tsura yana iya tafiya a fita ɗaya, kuma da zarar ƙarfe ya taɓa diski, an tashi daga sayen fad an koma sayen diski.

Yadda fad ya cinye yana ba da labarin kalifa. Idan na ciki da na waje sun cinye daidai, kalifa tana aiki yadda ya kamata. Idan ɗaya ya ƙare ɗaya kuma yana nan da kaurinsa, to sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun maƙale, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama birkin babur mai ƙafa huɗu, domin ruwa da laka suna shiga ta ƙarƙashin robar da ke rufe sandunan su haifar da tsatsa. Idan fad ya cinye a karkace, gefe ɗaya siriri ɗaya mai kauri, sanda ɗaya ce ta kama ko kuma maƙalin kalifa ya lanƙwashe. Fad da ya yi sheƙi ya sha zafi fiye da kima. Wanda mai ko giris ya jiƙa kuwa ba ya wankuwa, sai dai a canza shi, a kuma nemo inda man ya fito. Duk lokacin da za a canza fad, a canza na dama da na hagu tare, in ba haka ba babur zai riƙa fizga gefe ɗaya idan an taka birki.

Wajen zaɓen sabon fad, akwai mai laushi da aka haɗa da zare da ƙaro, wanda ba ya ƙara kuma ba ya cin diski, amma laka tana gamawa da shi da wuri. Akwai kuma na garin ƙarfe da aka gasa aka dunƙule, wanda ke kamawa da kyau ko a jiƙe kuma yana daɗewa, sai dai yana cin diski fiye da na farko. Ga wanda aikinsa ke cikin ruwa da taɓo, na ƙarfen ya fi dacewa.

Diski kuma ana duba fuskarsa da kaurinsa da miƙewarsa. Ƙananan layuka da yashi ya zana ba su da illa, amma rami mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, ko tsagewa, musamman a kusa da ramukan da aka huda, ko launin shuɗi na ƙonewa, duk alamu ne na a canza shi. Galibi ana buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin diskin, bayan haruffan MIN TH, kuma ana aunawa ne a tsakiyar inda fad ke gogawa, a wurare da dama, domin bakin diski yakan bar tudu da zai yaudari mai awo. Diskin da ya lanƙwashe yana sa hannun birki ya riƙa bugawa a tafin hannu. Dutse ko kututture da ya daki diski yana iya jawo haka, kuma ba a miƙe shi da guduma.

Idan an kwance kalifa, kada a bar ta tana reto a jikin tiyo, a ɗaure ta da waya a jikin firam. A zaro sandunan zamewa a goge su tas, idan tsatsa ta ci su har sun yi ramuka a canza su, sannan a shafa musu giris na silikon ko wanda aka yi musamman domin birki. Giris na gama-gari da aka yi da man fetur yana kumbura roba, kuma robar da ta kumbura ita ce za ta sake kama sandar bayan 'yan makonni. Kafin a mayar da fistin ciki domin sabon fad ya samu wuri, a wanke ɓangarensa da ya fito waje, domin idan aka tura shi da dattinsa, dattin zai yanka robar da ke tare mai. A buɗe murfin tankin man birki, a ɗora tsohon fad a kan fistin a matsa a hankali da ƙarfen matsewa. Fistin mai lafiya yana komawa sumul. Wanda ya ƙi komawa, ko wanda aka ga danshin mai a kewayensa, yana bukatar sababbin robobi ko sabuwar kalifa. A wasu babura na tsere, birkin ajiya yana haɗe da kalifar baya, kuma sai an sassauta notin saitinsa kafin fistin ya koma. A ɗaure kusoshin kalifa da sufanar awo bisa ƙarfin da littafi ya faɗa, domin yawancinsu cikin alminiyam suke shiga, kuma haƙorin alminiyam ba ya jure ɗaurin ganganci.

Man birki

Tankin man birkin hannu yana kan babur kusa da mariƙi, kuma sai an daidaita kan babur ɗin tankin ya zauna sosai kafin a karanta shi ta tagar gilashi ko layin da aka zana. Birkin ƙafa yakan sami nasa tankin daban, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko bayan roba, kuma shi aka fi mantawa da shi. Raguwar mai kaɗan-kaɗan abu ne da aka saba, domin yayin da fad ke cinyewa fistin yana ƙara fitowa, mai kuma yana bin sa ya cike gurbin. Wannan ya sa bai dace a ga mai ya yi ƙasa a cika shi kawai a wuce ba. A fara duba fad. Idan fad ya cinye, sabon fad zai mayar da man wurinsa, kuma wanda ya riga ya cika tanki zai ga mai yana ambaliya lokacin da ya tura fistin. Idan fad yana da kauri amma mai ya ragu, to yana zuba a wani wuri, kuma ba a hawa babur ɗin sai an gano wurin.

Irin man da ake bukata a rubuce yake a kan murfin tanki, galibi DOT 4, wani lokaci DOT 3. Waɗannan lambobi na ma'aikatar sufuri ta Amurka ne, kuma suna nuna zafin da mai zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuma 260. Dukkan ukun suna jan danshi daga iska, kuma idan ruwan da ke cikinsu ya kai kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin yana saukowa zuwa 140 da 155 da 180. Abin da wannan ke nufi shi ne, a doguwar gangara inda aka daɗe ana riƙe da birki, tsohon mai yana iya tafasa a cikin kalifa ya zama tururi, shi kuwa tururi yana matsuwa, sai hannun birki ya tafi har mariƙi babu abin da ya kama. Ruwan nan kuma yana sa fistin tsatsa daga ciki. Shi ya sa yawancin kamfanoni suka ce a canza man duk shekara biyu, ko an hau babur ko ba a hau ba. Mai sabo garau yake, mai ɗan rawaya. Idan ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, lokacinsa ya wuce.

DOT 5 daban yake da DOT 5.1 duk da kusancin suna, domin shi na silikon ne kuma ba ya gauraya da sauran. Kada a zuba shi sai idan murfin ya ce shi. Man inji ko na giya kuwa ko ɗigo ɗaya ya shiga, zai lalata dukkan robobin layin. A yi amfani da kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, a kuma shimfiɗa tsumma a kewayen tanki, domin man birki yana cin fenti da robar jikin babur. Idan ya zuba, a wanke da ruwa nan take. Ƙananan kusoshin murfin tanki suna saurin lalacewa a ka, saboda haka a nemi sukundireba da ta zauna daram, a danna ta sosai kafin a juya.

Tiyo ma ana bin sa da hannu da ido daga masta har kalifa, a juya kan babur dama da hagu a ga ko yana gogar wani ƙarfe ko yana miƙewa fiye da kima. Tsagewa, ko kumburi lokacin da aka matsa birki, ko danshi a mahaɗa, duk suna nufin canji. Yamaha tana ba da shawarar canza tiyon roba duk shekara huɗu. Duk lokacin da aka kwance kusar da ke haɗa tiyo da kalifa, a saka sababbin washa na tagulla ko alminiyam, domin tsofaffin sun riga sun lotse ba za su sake toshewa da kyau ba.

Fitar da iska da canza mai

Aikin nan, wanda makanikai ke kira bilidin, yana bukatar haƙuri fiye da ƙarfi. Ana bukatar siririn tiyo mai haske, da kwalba, da sufanar zobe, galibi lamba 8, da sabon mai. A zuƙe tsohon man da ke cikin tanki da sirinji amma kada a bar ramin ƙasan tankin ya bayyana, sannan a cika da sabo. A fara da kalifar da ta fi nisa da masta. A goge kan nonon fitar da iska da ke jikin kalifar, a saka sufana, a soka tiyon, ɗaya bakin kuma a nutsa shi cikin ɗan mai a kwalba. A matsa hannun birki a hankali sau uku ko huɗu a riƙe, a buɗe nonon kamar rubu'in juyi, mai zai fito hannun ya shige, a rufe nonon tukuna, sannan a saki hannun. Wannan jerin shi ne ginshiƙin aikin: rufewa kafin saki. Wanda ya saki hannu nono yana buɗe ya zuƙo iska ciki, ya koma farko. A maimaita har sai man da ke fitowa ya zama garau babu kumfa, ana leƙa tanki a kai a kai, domin tankin ƙarami ne ƙwarai kuma yana ƙarewa ba zato.

Mastar wannan babur tana tura mai kaɗan ne a kowace matsa, shi ya sa idan layin ya bushe gaba ɗaya, mutum zai iya matsawa har ya gaji hannun bai yi tauri ba. A irin wannan hali ya fi sauƙi a cika sirinji da mai a tura shi daga nonon kalifa zuwa sama, tunda dama iska sama take son tafiya, ana kwashe abin da ya taru a tanki kada ya zuba. Iska takan maƙale kuma a mahaɗar tiyo da masta, da inda layi ya rabu biyu zuwa dama da hagu. Ƙwanƙwasa wuraren da mariƙin sukundireba a hankali yana sakin kumfar. Idan bayan duk wannan akwai sauran laushi kaɗan, a ɗaure hannun birki a matse a bar shi ya kwana, kan babur a juye yadda tanki zai zama shi ne mafi tsawo, da safe a saki a matsa a hankali. Wannan dabara tana taimakawa wajen ƙananan kumfa, amma ba ta gyara robar masta da ta mutu. A ƙarshe a cika mai zuwa layin sama kawai, a mayar da robar ƙarƙashin murfi yadda take a naɗe, a rufe kowane nono da hularsa ta roba, domin nonon da laka ta cika yana tsatsa ya karye a ranar da aka zo kwance shi.

Idan birki yana ja, taya tana zafi bayan gajeriyar tafiya, akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A ɗaga tayar a buɗe nonon kalifa kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, matsi ne ya maƙale a sama, wato tiyo ya rufta daga ciki, ko ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki ya toshe, ko an cika tanki fiye da kima, ko hannun birki ba ya komawa ƙarshe. Idan tayar ba ta saki ba, laifin na fistin ne ko na sandunan kalifa.

Birkin durom da rufaffen birki

Birkin durom mai waya yana bukatar saiti, domin shi ba ya daidaita kansa yadda na diski ke yi. Ana auna wasan da hannu ko feda ke yi kafin birki ya fara kamawa, kuma a baburan Honda da yawa awon yana tsakanin milimita 15 zuwa 20. Ana saitawa da notin fiffike da ke ƙarshen waya a baya, a juya shi rabi-rabi har ya zauna a gurbinsa. Bayan saiti a ɗaga baya a juya tayoyi a tabbatar ba ya ja. A jikin ƙarfen da waya ke ja akwai kibiya, a jikin murfi kuma akwai alama. Idan an matsa birki kibiyar ta kai ga alamar, shu ya ƙare, kuma ƙara ɗaure noti ba zai dawo da shi ba.

Ana kiran wannan durom rufaffe, amma rufinsa roba ce, kuma roba tana tsufa. Ruwan da ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai ya zauna ya gauraya da ƙura ya cinye shu ya kuma kama sandar da ke buɗe su. Shi ya sa aka yi kusar zubar da ruwa a ƙasan murfin. A kwance ta bayan an ratsa ruwa mai zurfi. Idan ruwa ya fito, robobin sun gaza, sai a buɗe durom a wanke, a shafa giris kaɗan a sandar buɗewa ba tare da ya taɓa shu ba, a canza robobin, a kuma duba siririn tiyon numfashi ko ya tsage ko ya cire. Wayar da ta yi nauyin ja a ɗiga mata man shafawa, wadda zarenta ya fara tsinkewa kuwa a canza ta.

Rufaffen birki mai iyo a cikin mai ba shi da yawan aiki. Ana saita wasan hannu da feda, ana kuma canza man akwatin giyar baya a kan lokaci, da irin man da kamfani ya ambata domin wannan birki, domin man giya na gama-gari yana sa shi ƙara ko santsi.

Bayan an gama

A mayar da taya, a ɗaure notuna a gicciye, a sauke babur, a ƙarasa ɗaurin da sufanar awo. Kafin a tayar da inji, a matsa hannu da feda har su yi tauri, domin bayan canza fad fistin yana can ciki, kuma matsa ta farko ba ta kama komai. A duba iskar tayoyi da gejin ƙaramin matsi, domin waɗannan tayoyin iska kaɗan suke ɗauka, galibi tsakanin psi 4 zuwa 7, kuma bambancin psi 1 tsakanin dama da hagu ya isa ya sa babur ya karkata a ɗora wa birki laifi.

Sabon fad yana bukatar ya saba da diski. A fili wanda babu cikas, da hular kwano a kai, a yi gudu matsakaici a rage shi da birki har kusan tsayawa, a saki, a ɗan yi tafiya domin ya huce, a maimaita kamar sau 20, ana gwada gaba da baya daban-daban. A guji taka birki mai tsanani a wannan lokaci, kuma kada a tsaya cak ana riƙe da birki yayin da diski ke da zafi. Daga nan a sauka a sake duba mahaɗun tiyo da nonuwa ko akwai danshi, a leƙa tanki, a kusantar da bayan hannu ga kowane diski ba tare da an taɓa shi ba, domin wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana ja.

A kan hanya kuma, duk lokacin da aka fito daga ruwa a riƙa taɓa birki a hankali ana tafiya sannu har ya bushe ya dawo da kamunsa, a gangara kuma a sauko da ƙaramar giya domin inji ya ɗauki rabin aikin. Bayan an dawo daga laka a wanke kewayen kalifa tun lakar ba ta bushe ba, amma kada a saita bakin injin wanki mai ƙarfi kai tsaye a kan robobi ko boris. Idan za a ajiye babur na tsawon lokaci, a ɗan zagaya da shi bayan wanki domin birki ya bushe, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri da waigi a tayoyi, birkin ajiya a sake, domin fad ko shu da aka bari a matse da danshi yana manne wa ƙarfe.